Marie Guyart, Uwar da Ta Bar Ɗanta

A karatunmu na yau, 1 Sama'ila sura 1, mun ga Hannatu ta kai yaronta Shilo ta bar shi ga Ubangiji. Ga labarin wata mace wadda ita ce ta tafi, yaron ya zauna.

An haifi Marie Guyart a birnin Tours na ƙasar Faransa a shekara ta 1599, ubanta mai gashin burodi ne. Tana da shekara 17 aka aurar da ita ga Claude Martin, mai sana'ar siliki. A 1619 ta haifi ɗa, aka sa masa sunan ubansa. Kafin shekarar ta ƙare mijin ya rasu, ya bar mata bashi. Ran 24 ga Maris 1620, tana cikin tafiya a titi, ta ga wahayi: zunubanta a fili, ita kuwa an nutsar da ita cikin jinin Almasihu. Daga baya ta riƙe wa mijin 'yar'uwarta kasuwancinsa na jigilar kaya, tana wuni tsakanin dawakai da 'yan dako a bakin kogin Loire, zuciyarta kuwa tana cikin addu'a.

A Janairu 1631 ta shiga gidan zuhudu na 'yan Ursula. Yaron yana da shekara 11. Ta damƙa shi ga 'yar'uwarta, amma ya riƙa zuwa ƙofar gidan yana kuka a ba shi uwarsa, ita tana ciki tana jin muryarsa. Ba mu so mai karatu ya wuce wannan wuri da sauri. Matiyu 10:37 yana tare da ita, amma 1 Timoti 5:8 yana nan kuma, ba a shafe shi ba. A ganinmu yaron ya biya farashin kiran da ba shi aka yi wa ba.

A 1639 ta ƙetare teku zuwa Kwibek ta Kanada, tafiyar kusan wata uku, ta kafa makarantar 'yan mata. Tana da shekara 40 ta soma koyon harsunan mutanen ƙasar, har ta rubuta ƙamus na Algonkin da na Irokwa. Mu da muke aikin juya Littafi mun san wuyar wannan, gama harshe ba ya shiga kan babba da sauƙi. Gobara ta cinye gidansu a ƙarshen 1650, ta sāke gina shi.

Ba ta ƙara ganin ɗanta ba. Shi ma ya shiga zuhudu a 1641, suka yi ta wasiƙa shekara talatin, jiragen ruwa suna kai da kawowa lokacin da ƙanƙara ta narke. Shi ne ya roƙe ta ta rubuta labarin ruhunta, ta rubuta a 1654. Ta rasu ran 30 ga Afrilu 1672. A 1677 ɗan ya buga tarihinta, a 2014 kuma Paparoma Francis ya sa ta cikin tsarkakan Ikilisiyar Katolika.