Amos Stagg: Mai Niyyar Wa'azi da Ya Zama Mai Horar da 'Yan Ƙwallo

Mutumin da muka kawo muku tarihinsa a wannan mako Ba'amurke ne, sunansa Amos Alonzo Stagg. Wasan da ya ba ransa kuwa ba a yinsa a filayenmu na Garo ko Gwarzo ko Kabo. Ƙwallon Amurka ke nan. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe, ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ana runguma ta a gudu, abokan karawa kuma su kayar da mai ita kamar a fagen kokawa.

An haifi Stagg ran 16 ga Agusta 1862 a garin West Orange, a Jihar New Jersey. Mahaifinsa mai gyaran takalma ne, gidan kuwa ba wadata. Da ƙyar ya sami shiga Jami'ar Yale a 1884, da nufin ya zama mai wa'azin bishara. A can ne ƙarfinsa a wasanni ya bayyana. Yana cikin ƙungiyar Yale ta 1888 wadda ta ci wasanninta 13 duka, ba wanda ya zura mata ko maki ɗaya. Amma a gaban taro bakinsa yana da nauyi, magana ba ta zo masa da sauƙi. Da ya ga haka sai ya yanke shawara zai yi wa samari hidima a filin wasa. Ya tafi makarantar YMCA ta Springfield a 1890, inda ya yi zama tare da James Naismith, wanda ya ƙago ƙwallon kwando.

A 1892 William Rainey Harper, wanda ya koya masa Littafi Mai Tsarki a Yale, ya kira shi sabuwar Jami'ar Shikago. Harper ne shugabanta na farko, yana kuma so sunanta ya fita, ya ga ƙwallo hanya ce. Stagg ya horar da ƙungiyar daga 1892 har 1932. An san shi da cewa ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya ashar, haka kuma yake bukata daga yaransa.

Shekarar da aka fi tunawa da shi ita ce 1905. A lokacin Jami'ar Mishigan ce dodon kowa. Ƙarƙashin mai horarwa Fielding Yost ta yi wasa 56 a jere ba a ci ta ba. Ran 30 ga Nuwamba 1905 ta zo Shikago. Aka yi ta artabu ba wanda ya ci, har kusan ƙarshe. Sai wani ɗan wasan Mishigan, Denny Clark, ya karɓi ƙwallon da aka buga a bayan layin gidansu, ya yi ƙoƙarin fitowa da ita, 'yan Shikago suka tare shi suka mai da shi baya suka kayar. A dokar wasan wannan maki biyu ne ga ɗaya gefen. Haka aka tashi 2 da 0. Shikago ta gama shekarar ba a ci ta ko sau ɗaya ba, ana kuma lissafta ta zakarar ƙasa ta wannan shekara.

To, amma murnar tana da nata duhun. A wannan shekara ta 1905 samari kimanin 18 suka mutu a Amurka saboda raunukan da suka ji a wannan wasa. Abin ya kai Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i fadarsa a watan Oktoba. A 1906 aka sāke dokoki, aka halatta jefa ƙwallo gaba da hannu domin a rage cunkoson da yake karya mutane. Stagg yana cikin kwamitin dokokin wasan. Shi kuma Clark jaridu suka ɗora masa laifin faɗuwar, abin bai bar zuciyarsa ba, a 1932 ya kashe kansa. Ko a gidan Stagg akwai abin tambaya. Tauraron ƙungiyarsa, Walter Eckersall, yana baya ƙwarai a karatu, duk da haka aka bar shi yana wasa. Da ya gama shekararsa ta ƙarshe a 1906, ya bar jami'ar ba digiri. Masu binciken tarihi suna ɗora wa Stagg da shugabannin jami'ar alhakin wannan, mu ma ba za mu ɓoye shi ba.

Da ya cika shekara 70, jami'ar ta ce lokacin hutunsa ya yi. Bai yarda ya zauna ba. Ya koma Kwalejin Pacific a Kalifoniya a 1933, a 1943 kuma, yana da shekara 81, aka zaɓe shi gwarzon mai horarwa na shekara. Daga 1947 zuwa 1952 ya taimaki ɗansa a Jami'ar Susquehanna. Matarsa Stella, wadda ya aura a 1894, takan zauna ta rubuta yadda kowane wasa ya gudana domin ta taimake shi. Jami'ar Shikago kuwa ta soke ƙwallon a 1939, a ƙarƙashin benayen 'yan kallo na filin da aka sa wa sunansa ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka fara kunna wutar nukiliya ran 2 ga Disamba 1942. Stagg ya rasu ran 17 ga Maris 1965 a Stockton, yana da shekara 102.

Malamanmu na firamare da sakandare, da shugabannin matasa masu shirya gasar ƙwallo a ƙauyukanmu, ga abin dubawa. Stagg ya nuna mana cewa wanda bakinsa bai iya wa'azi ba yana iya renon samari da halinsa. Labarin Eckersall da na Clark kuwa suna tuna mana cewa yaron da aka ba mu amana ya fi kofin da muke nema. In yaro ya iya ƙwallo, mu tambayi sakamakon jarrabawarsa kafin mu sa shi a fili. In kuma ya yi kuskuren da ya sa aka ci mu, mu ne ya kamata mu fara zuwa gidansu mu ƙarfafa shi. Allah ya ba mu hikimar riƙon wannan amana, amin.