Henry Wellcome: Attajirin magani da ya kafa ɗakin bincike a Khartum

Duk mai sayar da magani a kasuwa ya san man shafawar da ake sa wa yanka ko ƙuna don kada ciwo ya ruɓe. Ɗaya daga cikin sinadaran irin wannan man shi ne polymyxin B, kuma tarihinsa na da alaƙa da wani ɗan kasuwa mai suna Henry Wellcome.

An haife shi a shekarar 1853 a Jihar Wisconsin ta Amurka. Ya koyi haɗa magani, ya kuma yi yawon tallarsa gari-gari. A 1880 ya koma Landan, inda shi da abokinsa Silas Burroughs suka kafa kamfanin Burroughs Wellcome. A zamanin da aka fi shan garin magani da na ruwa, su sai suka yi suna wajen sayar da ƙwayoyi masu awo daidai, waɗanda suka yi wa rajista da sunan Tabloid a 1884.

A 1901 Wellcome ya ziyarci Sudan, ba da daɗewa ba bayan yaƙin Karari na 1898 kusa da Omdurman. Ganin yadda cututtuka suka addabi jama'a, ya ba da kuɗin kafa ɗakin bincike a Kwalejin Gordon, wadda daga baya ta zama Jami'ar Khartum. A 1902 aka naɗa Dokta Andrew Balfour shugaban ɗakin. Ma'aikatansa suka bi rijiyoyi da kududdufai suna kashe 'ya'yan sauro, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a birnin. A 1907 ya ƙara musu da jirgin ruwa mai ɗakin bincike a Kogin Nilu.

Ya mutu a Landan a 1936, ya bar wasiyyar a riƙa kashe ribar kamfaninsa a kan bincike. A 1947 masanan kamfanin na cikin waɗanda suka gano polymyxin daga wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa. Daga baya kamfanin ya haɗa shi da neomycin da bacitracin a man Neosporin.

Da awo daidai Wellcome ya gina kasuwancinsa, kuma amanar da ke kan mai sayar da magani ke nan. A duba ranar ƙarewar aikin man kafin a sayar, a kuma gaya wa mai saye cewa na ƙaramin ciwo ne. Ciwo mai zurfi ko mai yin mugunya sai asibiti.