Stefan Bellof: Matashin direban Jamus da ya zama zakaran duniya cikin shekara 5

Ranar 28 ga Mayun 1983, wani saurayi ɗan shekara 25 ya shiga mota ƙirar Porsche 956 a filin tsere na Nürburgring da ke yammacin Jamus, ya kewaye hanya mai tsawon kusan kilomita 21 cikin minti 6 da daƙiƙa 11. Sai da aka shekara 35 kafin wani direba ya yi abin da ya fi haka sauri a wannan fili. Sunan saurayin Stefan Bellof, kuma shekara 4 kafin wannan rana bai taɓa shiga tsere da babbar mota ba.

An haifi Bellof ranar 20 ga Nuwamban 1957 a garin Giessen na Jamus ta Yamma. Mahaifinsa yana da garejin fentin motoci, don haka yaron ya tashi cikin ƙarafa da warin fenti. Yayansa Georg ne ya riga shi shiga tseren kart, wato ƴan ƙananan motocin nan marasa rufi da direba ke zama dab da ƙasa, waɗanda a kansu yaran Turai ke koyon sana'ar. Stefan ya bi sahun yayansa a 1973. Ya ci gasar ƙasa da ƙasa ta Luzamburg a 1976, ya kuma zama zakaran kart na Jamus a 1980.

Tseren mota sana'a ce mai cin kuɗi. Matashi kan sayi gurbinsa a ƙungiya da kuɗin iyaye ko na wani kamfani da ke son a liƙa sunansa a jikin mota. Bellof ba shi da irin wannan gata, shi ya sa ya daɗe a kart har ya wuce shekara 20, lokacin da tsaransa suka riga suka yi gaba. Jarinsa ɗaya ne, gudu, kuma duk inda aka ba shi mota sai ya nuna shi tun ranar farko, don ya san ba lalle a sake ba shi wata dama ba.

A ƙarshen 1979 wani mai horar da direbobi ɗan Ostiriya, Walter Lechner, ya ba shi mota a ajin Formula Ford, matakin farko na motocin tsere masu kujera ɗaya. Ya zo na 2 a tserensa na farko a Hockenheim. Shekara mai bi ya lashe gasar Jamus ta wannan aji, inda ya ci tsere 8 cikin 12. A 1981 ya hau ajin Formula 3 a ƙungiyar Bertram Schäfer. An yi tsere 2 na farko ba tare da shi ba, amma ya ci 3 daga baya, ya gama shekara a matsayi na 3.

Daga nan Willy Maurer, mai wata ƙungiya a ajin Formula 2 da ke aiki da injin BMW, ya gwada shi, ya ɗauke shi, ya kuma zama mai kula da harkokinsa. Tseren farko na 1982 a Silverstone ta Ingila aka yi shi, kwalta jiƙe da ruwa. Bellof ya tashi daga matsayi na 9, ya gama na 1. Tsere na biyu a Hockenheim, gaban ƴan ƙasarsa, nan ma shi ya ci. Sauran shekarar ba ta yi masa daɗi haka ba, ya ƙare na 4, amma sunansa ya riga ya shiga kunnen manya.

Kamfanin Porsche ya kira shi a 1983 don tseren dogon zango, inda direbobi 2 ke karɓa-karɓa da mota ɗaya har kilomita 1000. An haɗa shi da Derek Bell, ƙwararren ɗan Ingila da ya girme shi da shekara 16. Sun ci tserensu na farko tare a Silverstone, sannan aka nufi Nürburgring.

Wannan fili hanya ce siririya da ta ratsa daji da tuddai, mai ɗimbin kwana, inda mota kan tashi sama a wasu wurare. A nan Niki Lauda ya ƙone a 1976, abin da ya sa gasar Formula 1 ta daina amfani da tsohuwar hanyar. A ranar gwajin neman gurbi, matsakaicin gudun Bellof ya kai kilomita 202 a awa. Jochen Mass, abokin aikinsa a Porsche, ya biyo baya da daƙiƙa 5, shi kuwa Keke Rosberg, zakaran duniya na Formula 1 a lokacin, kusan daƙiƙa 30 aka ba shi a irin wannan mota. Washegari, ana cikin tsere, Bellof yana kan gaba amma bai sassauta ba. Motar ta tashi sama a wurin da ake kira Pflanzgarten, ta yi kaca-kaca. Ya fito lafiya lau. Masana harkar sun rabu biyu a kansa tun daga ranar: wasu na ganin baiwar da ba a saba gani ba, wasu na ganin yaron da bai san inda zai ja birki ba.

Shekarar 1984 ita ce ƙololuwa. Ya ci tsere 6 na dogon zango, ya zama zakaran duniya, shekara 5 bayan ya fara tuƙa motar tsere. A shekarar ce kuma ya shiga Formula 1 da ƙungiyar Tyrrell, wadda injinta ba shi da turbo, ƙarfinsa bai kai na sauran ba. A Monako, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya tashi na 20, wato na ƙarshe, ya yi ta wuce motoci har ya kai na 3. Alain Prost na gaba, Ayrton Senna na binsa, Bellof kuwa yana matso su duka biyun, sai aka tsayar da tseren bayan zagaye 31. Wanda ya ba da umarnin tsayarwar shi ne Jacky Ickx ɗan Beljiyam, mutumin da ya ci tseren Paris-Dakar na 1983 da ya ratsa hamadar Tenere. Daga baya hukumar tsere ta soke dukan sakamakon Tyrrell na shekarar bisa zargin saɓa ƙa'idar nauyin mota, matsayi na 3 ɗin ma ya tafi.

Ranar 1 ga Satumban 1985 aka yi tseren kilomita 1000 a filin Spa na Beljiyam. Bellof na tuƙa Porsche 956 ta ƙungiyar Brun, Ickx na gabansa a sabuwar motar kamfanin. A kwanar Eau Rouge, gangare da hawa da ake shiga da matsanancin gudu kuma ba kasafai ake wuce juna a ciki ba, Bellof ya yi yunƙurin wucewa. Motocin suka gogi juna, tasa ta daki shinge kai tsaye. Ickx ya tsira, Bellof ya mutu yana da shekara 27, mako 3 bayan mutuwar wani direban Jamus, Manfred Winkelhock, a tsere a Kanada.

Michael Schumacher, wanda yake ɗan shekara 16 a lokacin yana tseren kart, ya ambaci Bellof cikin waɗanda ya ɗauka abin koyi tun yana yaro. A 2013 aka sa sunan Bellof a wani yanki na hanyar Nürburgring kusa da inda motarsa ta tashi sama. Ranar 29 ga Yunin 2018 ne Timo Bernhard, shi ma Bajamushe a motar Porsche, ya kewaye filin cikin minti 5 da daƙiƙa 19, ya kawo ƙarshen tarihin da Bellof ya kafa.