Tarihin marigayi Wes Montgomery, makaɗin jita da babban yatsa

An haifi Wes Montgomery a birnin Indianapolis na ƙasar Amurka ranar 6 ga watan Maris na shekarar 1923.

Bai yi makarantar kiɗa ba. Ya koya ne ta hanyar sauraron faya-fayen Charlie Christian.

Da rana yakan yi aikin walda domin ciyar da iyalinsa, da dare kuma ya yi kiɗan jazz a gidajen rawa.

Gudun kada ya dami maƙwabta, sai ya ajiye 'yar robar da ake kaɗa jita da ita, ya koma amfani da babban yatsansa.

Jitarsa ƙirar Gibson L-5 ce mai rami a ciki, kuma yakan ɗaura mata tsirkiyoyi masu kauri da santsi. Irin waɗannan suna da wuyar dannawa, amma ba sa ƙugi idan yatsa ya goge su, sautinsu kuma yana fita da taushi. Da wannan sautin ne aka san shi.

A shekarar 1959 Cannonball Adderley ya ji kiɗansa, ya kuma haɗa shi da kamfanin Riverside.

Ya rasu ranar 15 ga watan Yunin 1968 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekaru 45.