Tarihin Ernest Overton, Mai Binciken Tantanin Ƙwayar Halitta

Cikin mutanen da muka ji labarinsu a darasin ilmin halittu babu wanda ya ba ni sha'awa kamar Charles Ernest Overton, domin ya gane siffar abin da idonsa bai taɓa gani ba.

An haife shi a Ingila a shekarar 1865. Mahaifinsa limamin coci ne. A 1882 ya koma birnin Zurik na ƙasar Suwizalan tare da mahaifiyarsa, can ya karanci ilmin tsirrai har ya sami digirin dakta a 1889.

Jikin mutum da na dabba da na tsiro duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace kuwa tana da tantani da ya kewaye ta kamar ganuwar gari. Ruwa da abinci ta nan suke shiga, datti ta nan yake fita. Abin da ya dami Overton shi ne, me ya sa tantanin yake barin wani abu ya wuce, ya tare wani?

Ga dabarar da ya yi. Idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir, za a ga ruwa ya tsattsafo, saboda gishirin ya kasa shiga ƙwayoyin, sai ya jawo ruwansu waje su yanƙwane. To, Overton ya riƙa sa ƙwayoyin gansakuka, irin wadda muke gani a Gulbin Sakkwato wajen Gusau da Bunguɗu da rani, cikin ruwan magunguna iri iri, yana duba su da madubin ƙara girma. In ƙwaya ta yanƙwane, abin bai shiga ba ke nan. In ba ta yanƙwane ba, ya shige. Haka ya bi ɗaruruwan magunguna ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Ni dai haƙurin nan nasa ya fi basirarsa burge ni, mu da gwaji ɗaya na minti arba'in yake isarmu.

Daga bisani ya lura cewa duk abin da ke narkewa cikin mai, kamar barasa da ita, watau maganin sa barci, nan da nan yake ratsawa. Sukari kuwa da gishiri, waɗanda ke narkewa cikin ruwa kaɗai, da ƙyar suke wucewa. Wanda ke shakka ya zuba sukari cikin man gyaɗa, zai ga ya kwanta a ƙasa. Saboda haka wajen 1899 ya ce lalle tantanin nan da wani irin maiƙo aka yi shi. Ya kuma ce tunda jiki na bukatar sukari, dole ƙwayar tana da wata hanya ta shigar da shi da kanta. Yau an san akwai ƙofofi na furotin masu wannan aiki, kuma ta irinsu ne ruwan gishiri da sukari yake ceton yaro mai gudawa.

A 1901 ya buga littafi a kan maganin sa barci, bayan ya gwada shi a kan talibambam, watau 'ya'yan kwaɗi. Ya nuna cewa gwargwadon narkewar magani cikin man zaitun, gwargwadon ƙarfinsa.

A 1907 ya zama farfesa a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin. A 1925 Gorter da Grendel na Holan suka nuna maiƙon nan ruɓi biyu ne. Overton ya rasu a Lund a 1933, sai bayan 1950 aka ga tantanin da madubi mai aiki da lantarki. Sai an jera irinsa fiye da 10,000 kafin a kai kaurin takardar nan da kuke karantawa.