Charles Spurgeon: Mai Wa'azin Da Ya Yi Shekara 22 Yana Fama Da Ciwon Gaɓoɓi

Da yawa daga cikin fastocinmu sun san sunan Charles Spurgeon, wanda Turawa suka laƙaba wa sarkin masu wa'azi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan bawan Allah ya yi shekara 22 na ƙarshen ransa yana fama da ciwon da yakan kwantar da shi makonni, har ya kasa taka ƙasa. Ya yi addu'a, ikkilisiyarsa ta yi addu'a, amma ciwon bai rabu da shi ba sai da ya mutu. Mun kawo tarihinsa domin ɗan'uwan da ke jinya yana tambayar ko Ubangiji ya yashe shi, da kuma ikkilisiyar da ke da makiyayi marar lafiya.

Haihuwarsa da tubansa

An haifi Charles Haddon Spurgeon a ranar 19 ga Yuni, 1834, a ƙauyen Kelvedon da ke yankin Essex a ƙasar Ingila. Mahaifinsa John mai wa'azi ne, kakansa James kuma fasto ne a ƙauyen Stambourne. A hannun kakan nan ya yi ƙuruciyarsa, a nan ya saba da karanta littattafan magabata na bangaskiya. Shi ma kakan ya sha fama da ciwon gaɓoɓi, har yakan yi wa jikan nasa wasa cewa ba shi da wani gadon da zai bar masa sai wannan ciwo. Wasa kuwa ya zama gaskiya.

Ko da yake gidan masu bi ya tashi, yaron ya daɗe da nauyin zunubi a zuciyarsa. A ranar 6 ga Janairu, 1850, yana da shekara 15, dusar ƙanƙara ta hana shi isa majami'ar da ya nufa a garin Colchester, sai ya ratse ya shiga wata 'yar ƙaramar majami'ar Methodist. Faston bai samu zuwa ba, wani daga cikin masu bi ne ya tashi ya yi wa'azi a kan Ishaya 45:22, ayar da ke kiran dukan duniya ta juyo ga Allah domin ta sami ceto. A ranar ne ya ba da ransa ga Yesu Kiristi. An yi masa baftisma a kogin Lark a ranar 3 ga Mayu na wannan shekara. A 1851, yana ɗan shekara 17, ya zama faston wata ƙaramar ikkilisiyar Baptist a ƙauyen Waterbeach.

Hidimarsa a Landan

A 1854 ikkilisiyar New Park Street da ke Landan ta kira shi, bai ma cika shekara 20 ba. Cikin ɗan lokaci majami'ar ta yi wa jama'a kaɗan, aka koma hayar manyan ɗakunan taro. A 1856 ya auri Susannah Thompson, Allah ya ba su tagwaye maza, Charles da Thomas. A wannan shekarar ce kuma babban baƙin ciki ya same shi. A ranar 19 ga Oktoba, ana cikin sujada a ɗakin taro na Surrey Gardens, wasu suka yi kururuwar gobara alhali babu wuta. Jama'a suka turmutsa, mutum 7 suka mutu. Tun daga ranar, baƙin ciki mai nauyi yakan sauko masa loto-loto har ƙarshen ransa.

A 1861 aka buɗe sabuwar majami'a, Metropolitan Tabernacle, mai ɗaukar mutum wajen 5,000 a zaune. Ya kafa makarantar horar da fastoci, a 1867 kuma aka aza harsashin gidan marayu na Stockwell. Kowane mako akan buga wa'azinsa a sayar a kan kuɗi kaɗan, ana juya shi zuwa harsuna da yawa. Ga wa'azi, ga koyarwa, ga rubutu, ga amsa wasiƙu. Jiki da jini ne, sai ya fara nuna gajiya.

Ciwon ya zo

A 1869, yana da shekara 35, ciwon da likitoci ke kira gawut ya kama shi sosai. Mu a nan mukan haɗa shi da sauran ciwace-ciwacen gaɓoɓi mu ce sanyin ƙashi ne ko amosanin gaɓɓai, amma shi dabam yake. Akwai wani sinadari mai suna yurik asid da jiki ke samarwa, ƙoda kuma take fitar da shi ta fitsari. Idan ya yi yawa a jini, sai ya daskare ya zama 'yan ƙananan tsinkaye masu tsini kamar allura a cikin gaɓa. Yawanci da babban yatsan ƙafa yake farawa, kuma da dare yake tashi. Gaɓar takan kumbura, ta yi zafi, har mayafi ma mutum ba ya so ya taɓa wurin. Bayan kwanaki, ko mako ɗaya zuwa biyu, sai ya lafa kamar ba a yi ba, daga baya ya sake dawowa.

Likitocin Landan na zamanin sun san tushen ciwon, domin tun 1848 wani likita a birnin, Alfred Garrod, ya nuna cewa jinin masu gawut cike yake da yurik asid. Abin da ba su da shi, shi ne maganin da zai rage sinadarin ya hana ciwon dawowa. Don haka ciwon Spurgeon ya yi ta ƙaruwa, yana kama ƙafa, gwiwa da hannu, har wani lokaci riƙe alƙalami ya gagare shi. Daga baya ciwon ƙoda ya haɗu da shi. Masu tarihin rayuwarsa sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na shekarunsa 22 na ƙarshe bai yi su a kan mumbarinsa ba, yana kwance ko yana murmurewa. A gida kuma matarsa Susannah ta riga ta zama mai jinya tun wajen 1868, ba ta cika iya zuwa majami'a ba. Gida ɗaya, majinyata biyu.

Yadda ya zauna da ciwon

Abu na farko, bai ɓoye ba. Idan ciwon ya kwantar da shi, yakan rubuta wa ikkilisiya wasiƙa a karanta ranar Lahadi, ya faɗa musu halin da yake ciki, ya roƙi addu'arsu. Bai yi kamar ba ya jin zafi ba. A cikin laccocin da ya yi wa ɗalibansa, ya keɓe guda sukutum a kan karayar zuciyar ma'aikacin Ubangiji, ya gargaɗe su cewa rashin lafiya, yawan zama wuri ɗaya da aiki babu hutu suna iya jefa mai bi na gaskiya cikin baƙin ciki, kuma wannan ba ya nufin Allah ya rabu da shi.

Na biyu, ya yi addu'a kamar ɗa a gaban ubansa. Shi da kansa ya ba da labarin wata rana a 1871 da zafin ya kai maƙura. Ya ce kowa ya fita daga ɗakin, ya yi wa Allah kuka, yana tuna masa cewa shi Uba ne, uba kuwa ba ya iya kallon ɗansa cikin azaba ya yi shiru. Zafin ya sauka a ranar, ya kuma yi godiya a gaban jama'a. Amma ciwon ya sake dawowa a shekarun da suka biyo, bai kuwa ɗauki dawowarsa a matsayin alamar cewa addu'ar ta faɗi ba.

Na uku, ya yarda a taimake shi. Tun 1868 ikkilisiya ta ɗauki ƙanensa James ya zama fasto tare da shi, ya ɗauke masa yawancin aikin kula da mambobi. Dattawa da dikinoni suka riƙe sauran hidima. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa aikin bai tsaya ba duk lokacin da mai wa'azin ya kwanta.

Na huɗu, ya ji maganar likitoci, ya huta. Sanyi da hazon Landan suna tsananta masa, don haka daga shekarun 1870 yakan tafi garin Menton a kudancin Faransa, bakin Bahar Rum, ya yi makonni lokacin hunturu. Dattawan ikkilisiya da kansu sukan matsa masa ya ƙara kwanaki. A can yakan tara 'yan baƙin da ke masaukinsa su yi addu'ar safe, ranar Lahadi kuma su ci Jibin Ubangiji a ɗakinsa. Idan ya sami sauƙi sai ya koma ga rubutu. Babban sharhinsa na Zabura, mai juzu'i 7, ya ɗauke shi kusan shekara 20, ya gama shi a 1885, yawancinsa a cikin shekarun jinya. Ita ma Susannah daga ɗakin jinyarta ta fara aikin aika wa matalautan fastoci littattafai kyauta a 1875.

Bai tsira daga bakin mutane ba. Akwai waɗanda suka rubuta masa cewa ciwon hukunci ne daga Allah saboda abin da yake wa'azi. Ya ƙi wannan magana sarai. Abin da ya riƙe shi ne, wahalar ba ta zo masa bisa tsautsayi ba, ta ratsa ta hannun Uba mai ƙauna wanda ya san iyakarta. Ya sha faɗa cewa abin da ya koya a gadon jinya ya fi wanda ya koya a kwanakin lafiya, kuma masu baƙin ciki da yawa sun sami ta'aziyya a wa'azinsa domin sun ji muryar wanda ya ɗanɗana.

Kwanakinsa na ƙarshe

A 1887 ya fita daga ƙungiyar ikkilisiyoyin Baptist ta Ingila, domin ya ga wasu masu wa'azi suna sassauta koyarwa a kan ikon Littafi Mai Tsarki da fansar Kiristi. Wannan gardama ta raba shi da abokai, ta kuma ƙara raunana jikinsa. Ya yi wa'azinsa na ƙarshe a Tabernacle ranar 7 ga Yuni, 1891. Ya rasu a Menton ranar 31 ga Janairu, 1892, yana da shekara 57. Aka kawo gawarsa Landan, dubun dubatar mutane suka zo ban kwana, an ɗora Littafi Mai Tsarki a kan akwatin a buɗe a Ishaya 45:22. An binne shi a maƙabartar Norwood. Ya bar ikkilisiya mai mambobi sama da 5,000.

Abin da za mu koya

'Yan'uwa, ciwo ba shaidar zunubi ba ne. Ubangiji Yesu ya warware wannan a Yahaya 9, sa'ad da almajirai suka tambaya a kan wanda aka haifa makaho. Manzo Bulus ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa sau uku, aka ba shi alherin jimrewa (2 Korantiyawa 12:7-10). Timoti mai yawan laulayi ne, Bulus ya ba shi shawarar kula da jikinsa (1 Timoti 5:23). Wasu sukan kawo labarin sarki Asa da ciwon ƙafarsa (2 Tarihi 16:12) su ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Laifin Asa shi ne bai nemi Ubangiji ba. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne.

Mu kuwa muna da abin da Spurgeon bai samu ba. Tun 1966 akwai magani mai suna allopurinol da ke rage yurik asid a jini. Likita ne ke rubuta shi bayan gwaji, ana shan sa kullum, ba a dainawa don an ji sauƙi. Wanda yatsan ƙafarsa ko gwiwarsa ke kumbura da zafi yana lafawa yana dawowa, ya je asibiti a auna jininsa da ƙodarsa, maimakon ya ce sammu ne ko jifa. Idan ciwon ya tashi, a huta, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora, a sha ruwa da yawa, a nemi likita da wuri. Idan kumburin ya zo da zazzaɓi, kada a kwana a gida. A yi hankali da sayen maganin kashe zafi a kemis ana sha kullum, domin irin su diclofenac suna iya lalata ƙoda, gawut da ciwon ƙoda kuwa abokan tafiya ne. A rage jan nama, tsire da kilishi, musamman kayan ciki kamar hanta da ƙoda, a rage lemon kwalba, a nisanci giya da burkutu. Mai ƙiba ya rage a hankali. Duk da haka ciwon yana bin jini, don haka kada a zargi majinyaci da kwaɗayi.

Saura magana ga ikkilisiya. A wurare irin su ƙasar Daura da sauran ƙauyukan Katsina, inda masu bi ba su da yawa, sau da yawa mai bishara ɗaya ne ke zagaya ikkilisiyoyi biyu ko uku, ga gona, ga iyali. Idan ƙafarsa ta kumbura yakan yi shiru, don tsoron kada a ce bangaskiyarsa ta yi rauni ko a nemi wani a madadinsa. Dattawa, ku tambayi lafiyar makiyayinku. Ku horar da waɗanda za su riƙe sujada idan ya kwanta, ku sa kuɗin asibitinsa a cikin kasafin ikkilisiya, ku ba shi hutu ba tare da gunaguni ba. Ubangiji da kansa ya ce wa almajiransa su keɓe su ɗan huta (Markus 6:31). Ikkilisiyar Landan ta yi wa fastonta haka, ta kuma ci moriyar hidimarsa shekara 22 bayan ciwon ya kama shi.

Ubangiji ya ta'azantar da dukan masu jinya a cikinmu, ya ba mu zuciyar ɗaukar nawayar juna. Amin.