Marc Bolan: Mawaƙin da waƙa guda ta sauya wa alƙibla

Marigayi Marc Bolan, jagoran ƙungiyar mawaƙa ta T. Rex, shi ne wanda masana tarihin kiɗa a Birtaniya kan danganta wa kafuwar salon glam, wato kiɗan rok da ake haɗawa da ƙwalisa da tufafi masu walƙiya. An haife shi a Landan ranar 30 ga Satumba, 1947, sunansa na asali Mark Feld. Mahaifinsa direban babbar mota ne, mahaifiyarsa kuwa tana kasa kayan marmari a kasuwa.

A 1967 ya kafa ƙungiyar mutum biyu mai suna Tyrannosaurus Rex. Yana kaɗa jita marar lantarki, abokinsa yana buga ƙananan ganguna, suna rera waƙoƙin almara da matsafa. Masoyansu ba su da yawa, amma masu riƙon amana ne, musamman John Peel na rediyon BBC, wanda ya yi ta sa waƙoƙinsu a shirinsa.

Sai dai Bolan bai gamsu da zama gwanin tsiraru ba. A watan Yulin 1970, shi da mai tsara masa sauti Tony Visconti suka naɗi waƙar "Ride a White Swan". Ba ta kai minti uku ba. An gina ta da jitar lantarki da tafi da ɗan sautin goge, ba tare da manyan ganguna ba. Kalmominta na almara ne kamar da, kiɗan ne ya koma na rawa. Kamfanin Fly ya fitar da ita a watan Oktoba, aka kuma taƙaita sunan ƙungiyar zuwa T. Rex.

Sannu a hankali waƙar ta riƙa hawa jadawalin cinikin faifai, har ta kai ta biyu a Janairun 1971. Waƙar "Grandad" ta ɗan wasan barkwanci Clive Dunn ce ta tare mata hanya. Wadda ta biyo baya, "Hot Love", ta yi mako shida a matsayi na ɗaya. Ita Bolan ya rera a shirin talabijin na Top of the Pops da ƙyalƙyali a ƙarƙashin idanunsa, fitowar da ake lissafawa a matsayin mafarin glam.

Nasarar ba ta zo kyauta ba. Tsoffin masoya suka ga ya sayar da fasaharsa don neman kasuwa, abotarsa da Peel kuma ta yi sanyi. A gefe guda, matasa suka yi masa caa, har waƙoƙinsa huɗu suka zo na ɗaya tsakanin 1971 da 1972. To amma kasuwar matasa ba ta daɗewa tana ci. Bayan 1973 tauraronsa ya fara dusashewa.

A 1977 ya soma farfaɗowa da shirin talabijin nasa na kansa, sai ajali ya riske shi. Ya rasu ranar 16 ga Satumba a hatsarin mota a unguwar Barnes ta Landan, saura mako biyu ya cika shekara 30. A 2020 aka shigar da T. Rex zauren karrama gwanayen rok da ke Amurka, shekara 50 bayan fitowar waƙar da ta raba kan masoyansa.